Jean-Claude Killy: Gwarzon Wasan Zamiya Kan Dusar Ƙanƙara Da Ya Zama Mai Shirya Gasar Olamfik

Jean-Claude Killy tsohon ɗan wasan zamiya ne a kan dusar ƙanƙara, ɗan ƙasar Faransa, wanda aka haifa ranar 30 ga watan Agustan shekarar 1943. Sunansa ya shiga tarihi a watan Fabrairun 1968, lokacin da ya kwashe dukkan lambobin zinare uku da aka ware wa maza a tseren gangarowa daga tsauni, a gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a birnin Grenoble. Shi da Toni Sailer na ƙasar Ostiriya, wanda ya riga shi a 1956, su kaɗai ne suka taɓa yin wannan bajinta.

Killy ya daina shiga gasa da sunan ƙasarsa yana ɗan shekara 24. Daga nan ya shafe fiye da shekaru 40 yana tallata wasan, yana shirya manyan gasanni, har ya kai ga zama a cikin Kwamitin Olamfik na Duniya. Rayuwarsa ta faɗo ne a daidai zamanin da wasan zamiya ya tashi daga abin sha'awar mazauna tsaunuka ya koma babbar harka ta kuɗi da talabijin da yawon buɗe ido, kuma yana cikin waɗanda suka jawo wannan sauyi da hannunsu.

Yadda wasan yake

Ɗan wasa yakan ɗaura dogayen alluna biyu sirara a ƙafafunsa, waɗanda Turawa ke kira ski, ya riƙe sanda a kowane hannu, sannan ya sulalo daga saman tsaunin da dusar ƙanƙara ta lulluɓe. Ba a sakin 'yan wasa gaba ɗaya kamar yadda ake yi a tseren gudu. Kowa yakan gangaro shi kaɗai, agogo na ƙirga masa lokaci, kuma wanda ya ɗauki lokaci mafi ƙanƙanta shi ne ya yi nasara. Bambancin na ɗaya da na biyu sau da yawa bai kai ƙiftawar ido ba, don haka ake raba daƙiƙa ɗaya gida ɗari wajen lissafi.

A zamanin Killy nau'i uku ake yi a gasar Olamfik. Na farko shi ne gangarowa kai tsaye, mai doguwar hanya da ƙarancin kwana, inda gudun ɗan wasa kan haura kilomita 100 a sa'a guda. Na biyu shi ne silalom, mai gajeriyar hanya, inda ake kakkafa sanduna bibbiyu a matsayin ƙofofi, ɗan wasa ya riƙa karkata dama da hagu yana ratsa su ɗaya bayan ɗaya. Na uku shi ne babban silalom, wanda ke tsakanin waɗannan biyu: ƙofofinsa sun fi tazara, gudunsa ya fi na silalom. Duk wanda ya tsallake ƙofa ko da guda ɗaya ce, an soke tserensa. Kowane nau'i na buƙatar irin tasa baiwar, shi ya sa da wuya a sami mutum guda da ya gagara a dukkansu.

Tasowarsa a Val d'Isère

An haifi Killy a Saint-Cloud da ke wajen birnin Paris, a lokacin da sojojin Jamus ke mamaye da Faransa. Mahaifinsa, Robert Killy, matuƙin jirgin yaƙi ne a rundunar 'yantar da Faransa. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, iyalin suka ƙaura zuwa Val d'Isère, wani ƙauye a tsaunukan Alps cikin lardin Savoie, kusa da iyakar Italiya, mai tsayin mita 1,850 daga gaɓar teku. A can mahaifin ya buɗe shagon sayar da kayan zamiya, daga baya ya kafa otal.

A shekarar 1950 mahaifiyarsa ta bar gidan, renon yaran ya koma hannun uban. An kai Killy makarantar kwana a garin Chambéry, amma hankalinsa na kan tsauni. Yana ɗan shekara 15 ya bar karatu, shekara guda bayan haka aka ɗauke shi cikin tawagar matasa ta ƙasa. Kamar yawancin 'yan wasan zamiya na Faransa a wancan lokaci, an ba shi aiki a hukumar kwastam, abin da ya samar masa albashi da kuma sararin yin atisaye.

Shekarun faɗi-tashi

A farkon al'amarinsa an san Killy da gudu, an kuma san shi da faɗuwa, domin yakan shiga tsere da ƙarfinsa duka, ko ya yi na ɗaya ko ya kasa kaiwa ƙarshe. A watan Disambar 1961 ya ci babbar gasa ta farko, wani babban silalom da aka yi a garinsu. An zaɓe shi cikin waɗanda za su wakilci Faransa a gasar duniya ta 1962 a Chamonix, sai ya karye a ƙafa a wani tsere a Cortina d'Ampezzo ta Italiya ana gab da fara gasar.

Bayan haka ya yi aikin soja na dole a Aljeriya, inda ya kamu da ciwon atini da ciwon hanta. Larurar ta bi shi har gasar Olamfik ta 1964 a Innsbruck. Abin da ya fi samu a can shi ne matsayi na biyar a babban silalom.

Sannu a hankali ya gyara salonsa a ƙarƙashin kocin tawagar Faransa, Honoré Bonnet. Ya kuma sami amini, Michel Arpin, tsohon ɗan wasa da ya ɗauki nauyin zaɓa masa alluna da gyara su daidai da yanayin ƙanƙarar kowace rana. Killy ya yi suna da wata dabara ta tashi: maimakon ya sulale daga ɗakin farawa a hankali, sai ya dogara da sandunansa ya cilla jikinsa gaba, ta yadda kafin ƙafafunsa su taɓa sandar da ke kunna agogo ya riga ya ɗauki gudu. Daga baya 'yan wasa suka kwaikwayi wannan dabara har ta zama ruwan dare.

Portillo da Kofin Duniya

A watan Agustan 1966 aka yi gasar duniya a Portillo ta ƙasar Chile, domin a kudancin duniya watan Agusta tsakiyar hunturu ne. Killy ya ci zinare a gangarowa kai tsaye, ya ƙara da zinaren haɗaka, wanda ake bai wa mai sakamako mafi kyau idan aka tara nau'o'in uku. Tawagar Faransa ta koma gida da lambobi 16 daga cikin 24 da aka raba.

A wannan taro na Portillo ne ɗan jarida Serge Lang, tare da Bonnet da kocin Amurka Bob Beattie, suka tsara gasar Kofin Duniya ta wasan zamiya, wato jerin tsere a ƙasashe daban-daban da ake tara maki a kansu tsawon kakar wasa. An fara ta a watan Janairun 1967. Killy ya lashe tsere 12 daga cikin 17 da aka yi a wannan kaka, ciki har da dukkan tsere biyar na gangarowa kai tsaye. Ya zama zakaran kowane nau'i, ya kuma zama zakaran gaba ɗaya da maki 225, iyakar abin da dokar lokacin ta bari a tara. Ya sake ɗaukar kofin a 1968. Jimillar nasarorinsa a Kofin Duniya 18 ce cikin kaka biyu kacal: shida a gangarowa kai tsaye, bakwai a babban silalom, biyar a silalom.

Grenoble, 1968

Shugaba Charles de Gaulle ne ya buɗe gasar Olamfik ta Grenoble ranar 6 ga Fabrairun 1968. Ita ce gasar hunturu ta farko da aka watsa a talabijin mai launi, kuma Faransawa sun ɗora wa Killy buri mai nauyi, domin ba su tsammanin komai daga gare shi ƙasa da zinare uku. An gudanar da tseren tsauni a Chamrousse, kusa da birnin.

Ranar 9 ga wata ya ci gangarowa kai tsaye cikin minti 1 da daƙiƙa 59.85. Ɗan ƙasarsu Guy Périllat ya biyo shi da ratar kashi 8 cikin 100 na daƙiƙa. A babban silalom, wanda aka kammala ranar 12 ga wata, ya bai wa Willy Favre na Suwizalan ratar fiye da daƙiƙa biyu.

Tsere na uku, silalom, shi ne ya bar baya da ƙura. An yi shi ranar 17 ga wata cikin hazo mai kauri wanda da ƙyar ɗan wasa ke hango ƙofar da ke gabansa. Killy ne ke kan gaba bayan zagaye na farko. A zagaye na biyu Håkon Mjøen na Norwe ya fi shi sauri, amma aka soke tserensa saboda ya tsallake ƙofofi. Babban abokin hamayyarsa, Karl Schranz na Ostiriya, ya tsaya a tsakiyar hanya, ya ce wani mutum sanye da baƙaƙen kaya ya gifta ta gabansa. Aka ba shi damar sake tseren, ya yi lokacin da ya fi na Killy, har aka fara ɗaukarsa a matsayin zakara. Daga bisani alƙalan gasar suka yanke hukuncin cewa ya riga ya tsallake ƙofa tun kafin wurin da ya ce an gifta masa, saboda haka bai cancanci sake tseren ba. Zinare ya koma hannun Killy, azurfa da tagulla suka tafi ga 'yan Ostiriya biyu, Herbert Huber da Alfred Matt.

'Yan Ostiriya sun ɗauki hukuncin a matsayin son kai na mai masaukin baƙi, Faransawa kuma suka ce doka ce ta yi aikinta. Har yau ana lissafa lamarin cikin manyan taƙaddamomin tarihin Olamfik na hunturu. Da yake a wancan zamani gasar Olamfik ita ce kuma gasar duniya ta wannan shekara, Killy ya sami kambun haɗaka a kan ukun, abin da ya kai kambunsa na duniya zuwa shida.

Rigimar kuɗi da talla

Wata rigimar ta daban ta mamaye gasar Grenoble. Shugaban Kwamitin Olamfik na Duniya, Avery Brundage ɗan Amurka, ya tsaya kai da fata cewa Olamfik na masu wasa don sha'awa ne, ba na masu neman abinci da shi ba. Ya san kamfanonin ƙera alluna na biyan manyan 'yan wasa a ɓoye, don haka ya nemi a goge sunayen kamfanoni daga kan allunan. Hukumar wasan zamiya ta duniya, FIS, ta ƙi. Aka daidaita a kan cewa za a karɓe allunan daga hannun waɗanda suka yi nasara kafin a ɗauke su hoto. Brundage bai gamsu ba, ya ƙaurace wa bikin raba lambobin tseren tsauni.

Killy, a matsayinsa na tauraron gasar, shi ne aka fi nuna wa yatsa. Bai jira hukunci ba. Da kakar 1968 ta ƙare ya yi ritaya, ya rattaba hannu da Mark McCormack, Ba'amurken da ya kafa kamfanin IMG mai kula da harkokin kuɗin 'yan wasa. Schranz, wanda ya ci gaba da shiga gasa, shi ne ya ɗanɗana kuɗar dokar: an kore shi daga gasar Olamfik ta Sapporo a 1972 bisa laifin karɓar kuɗin talla.

Jakadan wasan a kasuwa

Bayan ritaya Killy ya koma da zama Geneva, ya kuma shafe lokaci mai tsawo a Amurka, inda wasan zamiya ke bunƙasa a matsayin nishaɗin hutu. Ya yi tallan motocin Chevrolet, kamfanin jiragen sama na United, allunan Head da agogon Rolex. Ya gabatar da shirye-shiryen talabijin da ke nuna wuraren zamiya da yadda ake yin wasan, ya kuma fito a fim ɗin Snow Job a 1972. Ya taɓa tseren motoci, har ya shiga tseren sa'o'i 24 na Le Mans a 1969.

A kakar 1972 zuwa 1973 ya dawo fage, wannan karon a gasar ƙwararru da Bob Beattie ke gudanarwa a Amurka, inda ake biyan kuɗi a fili kuma mutum biyu ke tsere kafaɗa da kafaɗa. Ya zama zakaran wannan gasa a 1973. A shekarar ce ya auri 'yar fim Danièle Gaubert, wadda ta rasu sakamakon cutar daji a 1987. Ya kafa kamfanin tufafin zamiya mai ɗauke da sunansa, kuma daga 1977 zuwa 1994 ya zauna a majalisar gudanarwar FIS. Filin zamiya da ya haɗa Val d'Isère da maƙwabciyarta Tignes, mai hanyoyi na kimanin kilomita 300, ya daɗe ana kiransa Espace Killy don girmama shi.

Albertville, 1992

A 1981 Killy ya haɗa kai da wani matashin ɗan siyasar Savoie, Michel Barnier, wanda daga baya ya jagoranci Tarayyar Turai a tattaunawar ficewar Birtaniya, ya kuma riƙe muƙamin firaministan Faransa a 2024. Burinsu shi ne su kawo gasar Olamfik lardinsu. Ranar 17 ga Oktoban 1986, a birnin Lausanne, Kwamitin Olamfik ya bai wa garin Albertville gasar hunturu ta 1992.

Aikin bai tafi salin-alin ba. Killy ya so a taƙaita wuraren wasa don rage kuɗi da wahalar zirga-zirga, garuruwan da za a cire kuma suka yi ca a kansa. A watan Janairun 1987 ya ajiye muƙaminsa. Ya dawo a 1988 a matsayin shugaban kwamitin shirye-shirye tare da Barnier.

An yi gasar daga 8 zuwa 23 ga Fabrairun 1992, ƙasashe 64 suka halarta, ciki har da Senegal da Maroko da Aljeriya daga nahiyar Afirka. Ita ce gasar hunturu ta ƙarshe da aka yi a shekara ɗaya da ta bazara. An gudanar da tseren gangarowa na maza a garinsu Killy, a kan gangaren Bellevarde, Patrick Ortlieb na Ostiriya ya yi nasara. Kwarin Tarentaise ya amfana da sabbin hanyoyin mota da ingantaccen layin dogo, waɗanda suka sauƙaƙa wa masu yawon buɗe ido isa tsaunukan. Sai dai kwamitin shirye-shiryen ya rufe littafinsa da giɓin kimanin faran miliyan 280, kuma wasu ƙananan garuruwa, irin su Brides-les-Bains, sun daɗe suna biyan bashin da suka ci.

A lokacin dokar da Brundage ya kare ta riga ta faɗi. Tun 1986 Kwamitin Olamfik, ƙarƙashin Juan Antonio Samaranch, ya buɗe ƙofa ga ƙwararru, kuɗin talabijin da na talla kuwa suka zama ƙashin bayan gasar. Mutumin da aka zarga da shigo da kasuwanci cikin Olamfik a 1968 shi ne ke neman masu ɗaukar nauyinta shekaru 24 bayan haka.

Daga tseren keke zuwa hamada

Bayan Albertville, Killy ya shugabanci kamfanin Amaury Sport Organisation, mai shirya tseren keke na Tour de France da tseren motoci na Dakar. A zamaninsa ne badaƙalar ƙwayoyin ƙara kuzari ta ƙungiyar Festina ta girgiza tseren keken a 1998. A watan Janairun 2000 kuma, lokacin da tseren Dakar zuwa Alƙahira ya isa Yamai, aka sami gargaɗin cewa 'yan bindiga na shirin kai hari a arewacin Nijar. Masu shirya tseren suka soke zangon da ya rage a cikin ƙasar, suka kwashe motoci da babura a manyan jiragen dakon kaya samfurin Antonov zuwa Sabha ta ƙasar Libiya, inda aka ci gaba.

A Kwamitin Olamfik

An zaɓi Killy cikin Kwamitin Olamfik na Duniya a 1995. Ya shugabanci hukumar da ke sa ido kan shirye-shiryen gasar hunturu ta Turin a 2006, sannan ta Sochi a Rasha a 2014. Aikin Sochi shi ne mafi girma, shi ne kuma ya fi jawo masa suka. An gina wuraren wasan tsauni kusan daga tushe, kuɗin da aka kashe a kan gasar da ayyukan da ke tattare da ita ya kai kimanin dala biliyan 50. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da na muhalli sun koka kan halin leburori da ɓarnar da aka yi wa dazuzzuka. Killy ya kare shirye-shiryen, bai kuma ɓoye abotar da ta ƙullu tsakaninsa da Shugaba Vladimir Putin ba. Ya sauka daga kwamitin a watan Maris na 2014, makonni kaɗan bayan rufe gasar, ya zama mamba na girmamawa.

Matsayinsa a tarihi

Wasu sun wuce Killy a yawan nasarori. Ingemar Stenmark na Suwidin ya ci tsere 13 a kakar 1979, Janica Kostelić ta Kuroshiya ta ci zinare uku a gasar Olamfik ta 2002. Amma tun daga 1988 nau'o'in tseren tsauni a Olamfik suka ƙaru, 'yan wasa kuma suka koma ƙwarewa a ɓangare ɗaya ko biyu, don haka babu wanda ya sake share fagen gaba ɗaya tun bayan Grenoble.

Faransa ta ba shi lambar girmamawa ta Légion d'honneur a 1968, ta ɗaga darajar lambar a shekarar 2000. Masu yaba masa na nuni da Val d'Isère, ƙauyen makiyaya da ya zama ɗaya daga cikin fitattun wuraren zamiya na duniya, har ya karɓi baƙuncin gasar duniya a 2009. Masu sukarsa na nuni da bashin Savoie da tsadar Sochi. Dukkan ɓangarorin sun yarda cewa kaɗan ne daga cikin 'yan wasa suka yi tasiri a kan wasansu, a fage da kuma a ofis, kamar yadda Killy ya yi daga 1961 zuwa 2014.